Miyar albasa, giyar cikin girki, da kuɗin hannu: amsa ga wata ƙanwa a Lyon

Wata 'yar'uwa 'yar asalin Madawa ta Nijar ta rubuto daga birnin Lyon na Faransa. Aure ne ya kai ta, tana da katin zama na iyali wanda ya ba ta damar yin aiki, kuma tana kula da wata tsohuwa Baturiya daga safe zuwa la'asar, kwana huɗu a mako. Tsohuwar ta ce tana marmarin miyar albasa irin wadda uwarta ke yi mata, ɗanta kuwa ya sayo tukunyar lantarki mai dafa abinci a hankali ya ajiye. Tambayar 'yar'uwar tamu uku ce: yaya ake yin miyar a wannan tukunya, yaya za ta yi da giyar inabin da ta ga duk littattafan girki suna cewa a zuba, sannan ko ta bar mahaifiyarta ta aiko mata da albasar Galmi da kilishi ta hannun wani mai zuwa. A ƙarshen wasiƙar, kamar abin da bai dame ta ba, ta ce ɗan tsohuwar yana biyanta a hannu kowace Juma'a.

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da ladan kula da tsofaffi. Miyar zan fara da ita tunda ita kika sa a gaba, amma ki sani layin nan na ƙarshe ya fi tsaya mini a rai, kuma zan dawo kansa.

Wannan miya asalinta abincin talaka ce. A Paris ta yi suna ne a kasuwar Les Halles, inda masu dakon nama da kayan gwari ke shan ta da asubar fari don korar sanyi, kafin a kwashe kasuwar zuwa Rungis a 1969. Albasa ce da romo da busasshen burodi da cuku, shi ke nan. Duk wahalarta a wuri ɗaya take: sai albasar ta narke ta koma ruwan ƙasa-ƙasa mai duhu, zaƙin da ke cikinta ya fito, ba tare da ta ƙone ba. A kan wuta wannan yana cin kusan awa guda kina tsaye kina juyawa, wanda mai kula da tsohuwa ba ta da shi. Nan ne tukunyar lantarkin ke da amfani, domin zafinta bai kai na ƙonewa ba, ita za ta yi jiran a madadinki.

Ki nemi albasa mai ɓawon ruwan ɗorawa, kilo ɗaya da rabi. Za ki ga ta cika tukunya har kin ce ta yi yawa. Ba ta yi ba, za ta sauka ta koma kamar kofi biyu. Ki yanka ta siri-siri bisa tsawonta, daga kai zuwa gindi, domin wadda aka yanka a kwance ta fi saurin dagargajewa. Ki zuba bota giram 50, cokali ɗaya na mai, ƙaramin cokali na gishiri, ki cakuɗa, ki rufe, ki sa a ƙaramin zafi awa 10 zuwa 12. Da za ki ɗora ta kafin ki tashi aiki da yamma, da safe kin tarar da ita, amma sai in akwai mai kwana a gidan da ya yarda a bar ta a kunne. In babu, ki yi wannan kashin a gidanki ki kai ta cikin roba. Ki kuma rufe ƙofar ɗakin girki ki ɗan buɗe taga, in ba haka ba har atamfofinki na cikin akwati sai sun ɗauki ƙamshin.

Ga inda mafi yawan mutane ke faɗuwa. Wannan tukunya ba ta sakin tururi, duk ruwan da albasa ta fitar yana nan a ciki. Da safe za ki ga albasar ta yi laushi ta sauya launi amma tana iyo cikin ruwanta, ɗanɗanonta kuwa na dafaffiya, ba na soyayya ba. Kada ki zuba romo a wannan matakin. Ki zame murfin ya buɗe kamar faɗin yatsa biyu, ki bar ta awa biyu ko uku ruwan ya tsotse, kina juyawa in kin tuna. In lokaci ya ƙure, ki juye ta a kasko mai faɗi ki ba ta minti goma sha biyar a kan wuta kina juyawa. Ni wannan ta biyun nake fifitawa, domin ɗan kamun da take yi a gindin kasko shi ne ainihin ɗanɗanon da tsohuwar ke tunawa. Masu cewa a zuba komai lokaci guda a tafi, miyarsu ruwan albasa ce kawai.

Romo shi ne rabin miyar. Ki je wurin mahaucin halal, a unguwar Guillotière ba za ki rasa ba, ki karɓi ƙashin saniya mai ɓargo da ɗan naman ƙauri. Ki gasa ƙashin a murhun gashi har ya yi duhu, sannan ki dafa shi da karas da ganyen loriye da tayim, ki tace, ki kwashe man da ya taso. Lita ɗaya da rabi za ki zuba a kan albasar, ki rufe, ki ba su awa ɗaya zuwa biyu su san juna. In dunƙulen romo na kanti za ki sa, ki karanta bayan kwalin, kuma ki rage gishirin farko, domin gishirinsa ya yi wa mai shekaru yawa.

Batun giya. Za su ce miki ai tana ƙonewa a wuta ta tafi. Ba duka take tafiya ba, ko a buɗaɗɗiyar tukunya, balle wadda murfi ke mayar da tururi ciki. Aikin giyar a wannan miya shi ne ta kawo ɗan tsami da zai karya zaƙin albasa, kuma wannan aikin binegar na tuffa yana yin sa: babban cokali ɗaya a ƙarshe, ki ɗanɗana, in da buƙata ki ƙara rabi. Wasu na haɗawa da ɗan ruwan inabi marar giya, ni ban ga dalili ba, zaƙin ya riga ya isa. Sai dai kada ki ɓoye. Ki gaya wa ɗan nata da bakinki cewa ba kya girki da giya, ga abin da kike sawa a madadinta, in suna so su ɗiga tasu a kwano bayan kin zuba, wannan tsakaninsu ne. Faransawa sun fi ɗaukar magana a fili fiye da a yi shiru su gano daga baya. Cuku ma akwai magana a kansa: Comté da Gruyère, waɗanda aka saba yin miyar da su, da sinadarin cikin ɗan maraƙi ake daskarar da madararsu, kuma malamai sun saɓa a kan hukuncinsa. In zuciyarki ba ta natsu ba, akwai cukun Emmental da aka rubuta a jikin ledarsa cewa da sinadarin da ba na dabba ba aka yi shi. Hukuncin kansa ki kai wa malaminki, ni mai girki ce da takardu.

Sauran mai sauƙi ne. Ki yanka burodin jiya, ki gasa ya bushe ƙarau, ki zuba miya a kwanon da ke jure wuta, burodi a sama, gogaggen cuku a kansa, ki tura ƙarƙashin wutar sama ta murhun gashi minti uku zuwa biyar har ya yi kumfa. Kaskon cikin tukunyar lantarkin kada ki sa shi a can, yana iya tsagewa. Kuma tunda tsohuwa ce, ki yayyanka burodin ƙanana, ki rage cukun, domin igiyar narkakken cuku tana shaƙe mai raunin haɗiya, kwanon kuma yana riƙe zafi fiye da yadda ido ke gani.

Albasar Galmi kuwa, na san abin da ke ranki, kuma na san abin da ke ran Inna. Wanda ya tashi tsakanin Madawa da Ƙonni ya ga buhunan nan jere a bakin hanya suna jiran motocin Abijan da Akara, zai yi wuya ya yarda akwai wata albasa a duniya. Amma tun Disambar 2019 Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da ɗanyen kayan lambu sai da takardar shaidar lafiyar tsirrai daga ƙasar da aka ɗauko su. 'Ya'yan itatuwa biyar kawai aka ɗauke wa wannan sharaɗi, cikinsu har da dabino da ayaba da abarba da kwakwa. Albasa ba ta ciki. Nama da madara da duk abin da aka yi da su kuwa an hana su ɗungurungum a kayan matafiyi daga ƙasashenmu, kilishi da dambun nama da cukun Abzin duk suna ciki, komai bushewarsu. In an kama, a ƙwace a lalata, ana iya cin mutum tara. Kada ki ɗora wa bawan Allah wannan kaya, musamman in shi ma takardunsa sababbi ne. Ki ce wa Inna ta aiko da gabu da yaji da kuka, ta ci kilishin da sunanki. Uwa ba albasar ce ta dame ta ba, so take ta ji hannunta ya kai ga tukunyarki, gabun ma zai yi wannan aikin. Ita wannan miya ma ja ko shuɗiyar albasa irin ta Galmi tana ba ta launi mai dishi-dishi.

To, kuɗin Juma'a. Kina da katin da ya halatta miki aiki, amma kina aiki kamar wadda ba ta da shi. Duk awannin nan da kike ɗaga tsohuwa daga gado, kina yi mata wanka, kina tsaye a kan wuta, a wurin hukuma ba su faru ba. Ran da bayanki ya riƙe, ko tafasasshen romo ya zubo miki, babu inshorar haɗarin aiki da za ta san da ke. Fansho a Faransa da zangon wata uku-uku ake ƙirga shi, kuma albashin da ya kai na awa 150 a mafi ƙarancin albashi yana ba ki zango guda. Ke kina wuce haka nesa ba kusa ba, ba a rubuta miki ko ɗaya. Ran da za ku nemi gida mafi girma, mai gida takardun albashi na wata uku zai tambaya. Ran da za ki nemi katin shekara goma ko zama 'yar ƙasa, za a duba abin da kike samu da harajin da kika bayyana. In kuma kuna karɓar tallafin haya ko na yara daga CAF, hukumar tallafin iyali, ba ku faɗi wannan kuɗin ba, ran da aka gano za a ce ku mayar, kuma ba sa mantuwa. Sannan abin da ba a son faɗa: tsohuwa ce. Ran da ta cika, ma'aikaciyar da aka yi wa rajista tana da haƙƙin kuɗin wa'adi da na sallama daga magada in ta cika sharaɗin daɗewa. Wadda ake biya a hannu sai dai a gode mata a bakin ƙofa.

Abin mamakin shi ne gyaran bai da wuya, kuma ɗan nata ma riba zai ci. A ƙarƙashin Urssaf, hukumar da ke karɓar kuɗin inshorar ma'aikata, akwai tsarin CESU, wanda aka yi shi domin mutanen da ke ɗaukar mai aiki a gida. Shi zai buɗe asusu a intanet da sunan mahaifiyarsa, duk wata ya rubuta awanninki da abin da ya biya, su kuma su fitar miki da takardar albashi, a kan ƙara kashi 10 cikin ɗari na kuɗin hutu a kai. Gwamnati tana mayar wa mai ɗaukar aikin rabin abin da ya kashe ta hanyar haraji, a kan kashewar da iyakarta ta fara daga Yuro 12,000 a shekara, kuma tun 2022 ana iya cire rabin nan take ba sai an jira shekara ta zagayo ba. In tsohuwar ta fara kasa yi wa kanta hidima, akwai tallafin APA na waɗanda suka kai shekara 60, wanda ake nema a hukumar yankinsu, kuma shi ma da aikin da aka yi wa rajista yake tafiya. A ɗaya ɓangaren, ɓoye ma'aikaci laifi ne da ke kan mai ɗaukar aikin, hukuncinsa yana kaiwa ɗaurin shekara 3 da tarar Yuro 45,000. Wannan na gaya miki ne don ki san inda kike tsaye, ba don ki fara da shi ba.

Ki fara da lallami. Ki zaɓi ranar da miyar ta yi daɗi, ki ce masa kina jin daɗin aikin kuma kina so ki daɗe da mahaifiyarsa, amma kina buƙatar takardar albashi saboda sabunta katinki. Ki nuna masa lissafin rabin da za a mayar masa. Ki nemi yarjejeniya a rubuce mai faɗin awanni, da kuɗin awa, da ayyukan da ke kanki. In kin ga dama a sa har da cewa ba kya girki da giya ko naman alade, ya zama magana ta ƙare. Daga yau kuma ki sayi ɗan littafi ki riƙa rubuta ranar da kika zo, lokacin shiga da na fita, da abin da aka ba ki, ki ajiye saƙonnin wayar da yake turo miki. In ya ƙi, ki kai littafin ofishin Cimade, ƙungiyar da ke taimaka wa baƙi, ko wata ƙungiyar ƙwadago a nan Lyon, za su duba miki ba tare da kin biya ba. Aikin kula da tsofaffi ana neman masu yin sa ido rufe a Faransa, kamfanoni da ƙungiyoyi suna ɗauka da takarda tun ranar farko.

Ki kuma duba ranar ƙarewar katinki tun yanzu. Ana shigar da neman sabuntawa ne tsakanin wata huɗu da wata biyu kafin ya mutu, kuma takardar albashi ko ta wata uku ce kika samu kafin lokacin, ki sa ta a cikin fayil ɗin.