Wai ina abin tsoron da ke cikin Psycho?

Tambaya: Malam, na ji ana ta zuzuta wani tsohon fim wai shi Psycho, na nemo na kalla, baƙi da fari ne, kuma wurin da aka kashe matar a banɗaki ko shigar wuƙa jikinta ban gani ba. To ina abin tsoron?

Amsa: Ɗan'uwa ai abin nan da ka lura da shi, shi ne gwanintar Alfred Hitchcock, ɗan Ingilan da ya shirya fim ɗin a Amurka a 1960. Shi ba ya nuna maka sara, sai dai ya sa ka ƙarasa da kanka a zuci. Wurin wankan nan kusan mako guda aka yi ana ɗaukarsa, an sauya wa kyamara mazauni sau 78, ga wuƙa ga ihu ga ruwa na zuba, ido bai gama ganin wannan ba an kawo wancan, shi ya sa mutane suka fito silima suna rantsuwa sun ga jini ja alhali ruwan cakulan ne aka zuba. Ƙarar sukan kuma wani ɗan'uwan kankana ne aka riƙa caka wa wuƙa. Sai kiɗan Bernard Herrmann, goge zalla mai tsinka zuciya, wanda da farko ma Hitchcock ya ce kar a sa kiɗa a wurin, da ya ji sai ya sauya shawara.

Ka kuma tuna Janet Leigh ce tauraruwar, kowa ya zauna zai bi ta har ƙarshe da dala 40,000 da ta sato, kawai aka kashe ta tun fim bai kai rabi ba. Don kar a ɓata wannan sai ya kafa doka, duk wanda ya makara ba shiga, sai ya jira nuni na gaba.

Ni abin da ke burge ni da mutumin nan, shi da ya firgita duniya ɗan sanda yake tsoro, ya sha ba da labarin yadda babansa ya tura shi ofishinsu yana yaro aka kulle shi na 'yan mintuna. Har ƙwai ma tsoro yake ba shi!

Ka sake kallo da daddare, ka kashe wuta ka ƙara sauti, kuma a farko-farkon fim ɗin ka duba ta tagar ofis, za ka hango Hitchcock ɗin da kansa tsaye a waje da hular kaboyi.