Jera Sanduna da Tazara Ɗaya a FreeCAD

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zana ƙarafunan kariyar taga a manhajar zane ta FreeCAD domin in kai wa mai walda. Faɗin cikin firam milimita 1000 ne, kuma ina son jera sanduna 9 masu kaurin milimita 20. Na yi amfani da LinearPattern, wato umarnin da ke maimaita abu a jere kan layi ɗaya, na rubuta 1000 a gurbin tsawo, sai ga sandar ƙarshe ta hau kan firam. A ina na kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, manhajar ta yi abin da ka umarce ta ne. Tsawon da LinearPattern yake nema shi ne nisan da ke tsakanin gefen hagu na sandar farko da gefen hagu na sandar ƙarshe, ba faɗin taga ba, shi ya sa da ka ba shi 1000 ya fara sandar ƙarshe daidai inda fili ya ƙare. Ka kuma lura cewa adadin da kake rubutawa ya haɗa da sandar asali.

Abin da za ka ƙirga shi ne ratar da ke tsakani. Sanduna 9 suna da rata 8 a tsakaninsu, amma tun da kana son fili a gefen dama da na hagu, ratocin sun zama 10. Kaurin sandunan gaba ɗaya 180 ne. Idan ka cire shi daga 1000, saura 820, wanda idan aka raba shi gida 10 kowace rata za ta sami milimita 82. Saboda haka ka fara sandar farko a milimita 82 daga firam, tazarar kowace sanda zuwa ta gabanta ta zama 102, wato rata da kauri a haɗe, sannan tsawon da za ka rubuta shi ne 8 sau 102, wato 816. Ka gwada: 82 da 816 da 20 da 82 sun cika 1000 cif.

Sai dai ba na son ka rubuta waɗannan alkaluma da hannu, domin ranar da mai gida ya ce tagar ta koma 1200, dole ka sake lissafi daga farko. Ka buɗe Spreadsheet, wato teburin lissafi na cikin FreeCAD, ka sanya wa faɗi da kauri da adadi sunaye, ka rubuta ƙa'idar rata sau ɗaya, sannan ka ɗaure matsayin sandar farko da tsawon jeri a kan waɗannan sunaye. Har adadin ma manhajar za ta iya fitar maka: idan ka ƙayyade cewa rata kada ta wuce milimita 100, kamar yadda dokar gini ta Ingila ta tanada ga shingen bene saboda ƙananan yara, aikin ceil, wanda ke ɗaga lamba mai gutsure zuwa cikakkiyar lamba ta sama, zai ba ka sanduna 8 da ratar milimita 93.3.

Akwai kuma wata matsala da za ka iya cin karo da ita. LinearPattern yana aiki ne a cikin Body, wato mazubin zane na sashen PartDesign, wanda aka gina shi a kan jiki ɗaya dunƙule, don haka idan sandunanka ba su taɓa firam ba, jerin zai iya ƙin fitowa. A irin wannan hali Array, wato umarnin jera abubuwa na sashen Draft, ya fi dacewa, kuma shi tazarar 102 yake karɓa kai tsaye.