Zauren Tambaya: Anko, Ƙullin Sukari da Atamfar Holan

Tambaya: Daga ƙaramar salla zuwa yanzu na ɗinka anko 5, ga na 6 an kawo mini. Albashina ba ya kai ni ƙarshen wata, amma in na ƙi saye sai a ce na raina mutane. Yaya zan yi? (Wata malamar makaranta, unguwar Zariya, Maraɗi)

Amsa: Malama, fara da lissafin gaskiya, domin kuɗin anko ba kuɗin turmi ba ne kaɗai. A ce turmi jikka 6 (jikka ɗaya sefa 1,000 ke nan). Tela zai karɓi jikka 3, gyalen da zai shiga da zanen jikka 2 da rabi, kitso da lalle jikka 2, ɗan kabu-kabu zuwa da dawowa dala 100 (rabin jikka), gudummawa jikka 2. Kin ga jikka 16 ke nan a biki ɗaya, tun ba a zo kan liƙin maroƙa ba. Biki 6 ya tashi 96,000 na sefa. Mata da yawa turmin kawai suke ƙirgawa, shi ya sa kuɗin ke zurarewa ba su san ta ina ba.

Abin da kike saye a anko shi ne shaidar cewa kina cikin dangi ko cikin ƙawaye. Ran buki, ido ɗaya uwar amarya za ta ɗaga ta san wa ya tsaya mata. Wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, Thorstein Veblen, ya yi bayani tun 1899 a kan sayayyar da ake yi don a gani, wadda mai kuɗi ke nuna fifikonsa da ita. Anko ya ɗan bambanta da wannan. Asalinsa rufin asiri ne: matar alhaji da matar ɗan dako su sa zane iri guda, ba a gane wa ta fi wa. Abin ya lalace ne lokacin da aka koma anko biyu ko uku a biki ɗaya, na kamu daban, na wuni daban, kuma mai rabon zanen ta sayo a farashin sari ta ɗora riba ba ta faɗa ba. Gasar ma ba ta mutu ba, ta koma kan ɗinki da sarƙa da jaka.

Sai ki haɗa da al'adar ninki. Wadda ta kawo miki jikka 1 ran sunanki, ke jikka 2 za ki kai mata, ita ta dawo da 4. In ba a tsayar ba, a zagaye na 6 an kai jikka 32. Wannan bashi ne, ko da ba a kira shi da sunansa ba, kuma tsofaffi sun san haka, shi ya sa suke zama da ƙawar biki su ce a koma ƙasa a sake farawa. Ba abin kunya ba ne.

Ga yadda muke ba da shawara. Ki raba masu gayyatarki gida uku. Waɗanda kuke ciki ɗaya da maƙwabtan da kuke ƙofa da ƙofa, ki yi musu anko. Ƙawayen aiki da na adashi, ki kai gudummawa ki je da zanen da kike da shi mai kama da launin. Sauran, gaisuwa da addu'a sun wadatar. Ki faɗa da wuri, ranar da aka kawo miki ƙyallen gwaji, kada ki bari sai an yanko miki naki, don da zarar an yanka ya zama bashi a wuyanki. In za ki saya, ki tambayi sunan zanen ki taya shi a babbar kasuwa tukuna, ki san ribar da aka ɗora. Kuma kada ki taɓa zubin adashin da kika yi niyyar jari da shi. Yawancin rigimar adashi daga nan take farawa: an kwashe, an ɗinka, wata ya zagayo babu na zubi.

Tambaya: Kullum ƙulli-ƙulli muke saye, sukari na dala 10, mai na dala 20, hatsi tiya ɗaya. Wani ya ce mini mu ne muka fi masu kuɗi biyan tsada. Gaskiya ne? (Wani magidanci, Tibiri)

Amsa: Gaskiya ne, Malam, kuma za ka iya aunawa da kanka. Sayi ƙulli ɗaya na sukari, ka ƙirga cokali nawa ne a ciki, ka gwada da kilo guda. Mai tebur dole ya fitar da kuɗin leda da ladan ƙullawa da asarar bashin da ba a biya shi ba, duk a kanka suke.

A hatsi abin ya fi ciwo. Buhu mai kilo 100 yana ɗaukar tiya wajen 40. Da kaka, watan Oktoba zuwa Disamba, hatsi na araha saboda manomi na neman kuɗin biyan bashi da na aure. Daga Yuni zuwa Agusta rumbuna sun yi ƙasa, farashi ya hau. Mai hali ya saya da kaka ya ajiye, marar hali ya sayi tiya-tiya a lokacin da ta fi tsada, wani lokaci ma hatsin da shi ya sayar ne yake sake saye. Waɗanda suka ga yunwar 2005 a jihar nan ta Maraɗi sun san inda wannan ke kaiwa: hatsi na kasuwa, kuɗin sayensa ne babu.

In ba ka da kuɗin buhu, ku haɗu gida 4 ku saya, kowa tiya 10, a auna a gaban kowa da tiya guda. Ku duba ya bushe: ka ciji ƙwaya, in ta fashe ƙas to ta yi. A ɗora buhu bisa katako, kada ya jingina da bango. Wake kuwa ƙwari ke cinye shi cikin 'yan watanni, sai a buhu mai ruɓi uku da ake kira PICS, a ɗaure kowace leda daban, kada a riƙa buɗewa. Amma ka sani, kayan da ke jibge a gida sun fi saurin ƙarewa, don hannu na sakewa kuma maƙwabta na aiko yara. Mai da sukari musamman, a ware na mako a rufe sauran.

Tambaya: Ta yaya zan gane atamfar Holan ta gaske? Za a sa mini a akwatin aure. (Wata budurwa, Tasawa)

Amsa: 'Yata, kamfanin Vlisco da ke garin Helmond a ƙasar Holan ne ke buga ta, kuma kwaikwayonta daga Sin ya cika kasuwa har da tambari. Juya zanen: ta gaske ciki da baya launinsu kusan ɗaya ne, ta kwaikwayo sau da yawa bayanta fari-fari. Duba gefe, akwai sunan kamfani da lambar zane. Goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle, in ya ɗauko launi sosai ki ajiye ta. In mai shago ya yarda, zare zare ɗaya ki ƙona: auduga toka take yi, roba kuwa narkewa take ta dunƙule. Farashin da ya faɗi ƙasa da rabin na sauran shaguna ya isa ya sa ki shakka. In kuma kuɗin ango bai kai ba, gara ƙaramar atamfa mai kyau da aka saya da sunanta, domin gwaggwanninki da za su buɗe akwatin da hannu suke gane zane, kafin ma su duba tambari.