Kar ki ƙwace, ki ara ki karanta

'Yar'uwa, kin ce 'yarki mai shekara 16 ba ta da aiki sai karatun littattafan soyayya, har takan kai ƙarfe ɗayan dare, kina tambaya ko ki hana ta. Ni dai ban ba ki shawarar hanawa ba.

Ina shekara 14 na fara, yau sama da shekara 20 ke nan. Wata rana yayana ya kama ni da wani na aro, bangonsa duk ya sha salatif, ya fizge ya yayyaga a gabana, saura shafi 30 in gama. Wallahi ban daina ba. Komawa na yi cikin bargo da tocila, kuma daga ranar babu wanda ya ƙara sanin abin da nake karantawa a gidanmu, mai kyau ne ko maras kyau.

Masu kushe su kan ce duk labarin ɗaya ne, tun shafin farko ka san ƙarshe. Haka ne, kuma da gangan ne. Kamfanin buga littattafai na Mills & Boon da aka kafa a Landan a 1908, wanda kamfanin Harlequin na Kanada ya saye a 1971, a kan haka ya yi suna: duk wuya, masoya za su daidaita. Mai karatu ta san inda za a je, hanyar take son bi. Sai da na yi wata biyu ina jinyar mahaifiyata a asibiti na san darajar wannan. Ina zaune kan kujerar roba, ina kallon ƙarin ruwa yana ɗiga, ban san me gobe za ta haifar ba. Labarin da na tabbata zai ƙare lafiya kaɗai zuciyata ke iya ɗauka.

Ba ni kaɗai ba ce. Wata malamar jami'a a Amurka, Janice Radway, ta yi nazari kan mata 42 masu irin wannan karatu, ta wallafa a 1984. Sun ce lokacin karatun ne suke ware wa kansu daga hidimar gida, kuma ba sa son littafin da namiji ke cin zarafin mace ko mai ƙarewa da baƙin ciki.

To, wannan namijin shi ne abin tsoro, ba soyayyar ba. Mai kuɗi, miskili, ya daka mata tsawa, ya bincike mata waya, wani lokaci har mari, marubuciya kuma ta ce ai tsananin kishi ne. Irinsa ya shiga kaina. Ina shekara 19 na yi ta haɗiye wulaƙancin wani saurayi, ina jiran babin da zai durƙusa ya ba ni haƙuri. Babin bai zo ba. Ga kuma na waya yanzu, da ake sakowa babi-babi ba wanda ya tace, wasunsu batsa ce tsagwaronta. Waɗannan kam a raba ta da su, amma ba za ki bambance ba sai kin gani da idonki.

Ki ce ta ara miki wanda ta fi so, ki karanta har ƙarshe ba tare da kin yatsina fuska ba. Batun dare kuwa, ki sa doka, ƙarfe goma a ajiye. Haka na yi da 'yar ƙanwata, na ari nata na karanta. Da na gama na tambaye ta, "Da ke ce ya kulle a ɗaki kwana biyu, za ki koma masa?" Ta yi shiru, can ta ce, "Anti, ai daga baya ya tuba." Muka yi ta musu har aka kira magariba. Bayan sati ta kawo mini wani, ta ninke shafi uku da take so mu yi magana a kansu.