Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Kogi Ke Canza Siffa Kafin Ya Kai Teku?

Tambaya: Me ya sa kogi yake farawa ɗan siriri a kan tsauni, amma ya faɗaɗa yana ta kwana-kwana kafin ya shiga teku? Kuma gaskiya ne ya fi gudu a can sama?

Amsa: A mafarin kogi gangara tana da tsanani, don haka ruwa ƙasa yake ci, yana haƙa kwari mai zurfi da ƙunci, gindinsa cike da manyan duwatsu.

Idan ya sauko, rafuka suna ƙara masa ruwa, gangara ta ragu, sai cin ya koma gefe. A kowace kwana ruwan ɓangaren waje ne ya fi sauri, yana zaizaye gaɓa ta ƙasa har ta rufta. A ɓangaren ciki kuwa yana tafiya a hankali, yana zubar da yashi. Haka kwanar ke ƙara lanƙwashewa kowace shekara, shi ya sa gini a gaɓar waje kasada ne. Tsawon cikakkiyar lanƙwasa guda, wato mai siffar harafin S, yakan kai ninki 10 zuwa 14 na faɗin kogin. Idan wuyan kwana, wato ƙasar da ta raba farkon kwanar da ƙarshenta, ya yi siriri, ambaliya takan yanke shi, ta bar tabki mai kama da jinjirin wata.

Batun gudu kuma, ido ne ke ruɗi. A sama duwatsu suna tare ruwa, ƙara da kumfa ne suka yi yawa. Kusa da teku kogi yana da faɗi da zurfi, gindinsa laka ce mai santsi, saboda haka sau da yawa ruwan nan ya fi na tsauni sauri.