Amsa ga Malamar da Ta Tambayi Yadda Ake Koyar da Matsakaicin Gudu

Wa'alaikumus salam, ƙanwata Malama. Na ga tambayarki cewa ɗalibanki na aji ɗaya na babbar sakandare sun haddace "a raba nisa da lokaci", amma da an ce su zana giraf, wato zanen da ke nuna nisa da lokaci, sai su tsaya cirko-cirko, ga shi makarantar ba ta da ɗakin gwaji. Na fi shekara ashirin ina fama da wannan darasin, kuma shawarata ita ce ki fitar da su filin makaranta tun kafin ki rubuta komai a allo.

Kayan aikin ba su da yawa: tef ɗin magina, toka, da wayoyi biyar masu agogon ƙirga sakan, ko aro ne daga ofishin malamai. A auna mita 40, a zuba toka a kowace mita 10. Kowane layi a tsayar da yaro ɗaya da waya, layin mita 20 kuwa yara biyu. Ki ɗaga hankici, kina sauke shi duka su kunna agogo tare, kowa ya tsayar da nasa idan mai tafiya ya taka layinsa. Ki raɗa wa mai tafiyar cewa ya yi tafiyarsa ta kullum, ya tsaya a mita 20 kamar ya haɗu da aboki, sannan ya ruga a guje. Yaro na biyu da ke wannan layin shi zai kama lokacin da ya sake tashi.

A ce an samu sakan 8 a mita 10, sakan 16 a mita 20, ya tashi a sakan 34, ya kai mita 30 a 37, mita 40 a 40. Sai su zana giraf a takarda: lokaci a layin kwance, nisa a layin tsaye. Da sun haɗa ɗigo-ɗigon za su ga gangara mai sauƙi, sai layi ya kwanta, sai ya miƙe sama kamar tsani. A nan nake daɗewa, don a nan cutar take. Yara da yawa suna ɗaukar giraf hoton hanya ne, su ce yaron ya hau tudu, ya bi shimfiɗa, ya sake hawa. Amma tunda da idonsu suka ga filin a baje yake, kuma sun ga abokinsu a tsaye, su da kansu za su ce miki layin da ya kwanta tsayuwa ce: agogo na tafiya, ƙafa ba ta motsi. Ranar da wata yarinya ta fara faɗa mini haka ba tare da na tambaye ta ba, wallahi na koma gida da farin ciki.

Sai ki sa su ɗora rula daga ɗigon farko zuwa na ƙarshe. Gangarar wannan layin, wato nisan da ya hau a raba da lokacin da ya ɗauka, ita ce matsakaicin gudu, mita 40 a sakan 40, wato mita 1 a sakan. Ki tambaye su: yaushe ya yi tafiya da wannan saurin? Da yana takawa mita 1.25 yake ci a sakan, da yana gudu ya haura mita 3. Matsakaici ya haɗiye har tsayuwar.

Akwai tarkon da nake ɗana musu kowace shekara. Direba ya yi kilomita 120 da gudun 60 a awa, ya dawo da 40. Kusan kowa zai ce 50. Zuwa awa 2 ne, dawowa awa 3, kilomita 240 a awa 5, amsa 48, domin ya fi daɗewa a kan gudun da ya fi ƙanƙanta. Ni kaina a shekarata ta farko na taɓa ba mai 50 maki, sai daga baya na dawo na gyara a gaban aji.

Masu son wasanni kuma ki ba su Usain Bolt: mita 100 a sakan 9.58 a Balin ta Jamus a 2009. Matsakaicinsa kusan mita 10.4 a sakan, su ninka da 3.6 su ga ya kai kilomita 37 da ɗoriya a awa, alhali a tsakiyar tseren ya wuce mita 12 a sakan.

Kada ki auna tazara gajera, don yatsa kan makara da kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan, wannan kuwa ɓarna ce babba idan duka tafiyar sakan 2 ce. Kuma tun yanzu ki saba musu da abin da masu makin WAEC da NECO ke dubawa: sunan kowane layi da ma'auninsa, fensir mai tsini, zane ya ci fiye da rabin takarda, kusurwa ukun da za a fitar da gangara ta zama babba. Idan kin gwada, ki turo mana hoton giraf ɗin yaran mu duba tare.