Tambaya da amsa: kujerar da maigida ya kira ɓata lokaci

Tambaya: Assalamu alaikum Kawu, ina wuni ya aiki. Ni kafinta ne a nan Tawa, shekara 7 kenan ina ƙarƙashin maigidana, gadajen amare muke yi da kujeru da tebura. To bara iska ta kada wani iccen bedi (dogon yaro) a unguwarmu aka bar min gungumen, na riƙa sassaƙarshi bayan an tashi aiki har wajen wata biyu, na fidda kujera guda babu ƙusa ko ɗaya, bayanta ya lanƙwaso kamar wuyan tulu. Maigida ya duba yace wannan ba aikin kafinta bane ɓata lokaci ne, abokaina kuma sai tsokana wai na zama artis. Ni dai raina na son aikin wallahi. Shin sana'a ce ko wasa, kuma ana cin abinci da ita?

Amsa: Wa alaikumussalam ɗana, Allah ya yi albarka. Sana'a ce, kuma ta girmi gadon amaren da kuke bugawa nesa ba kusa ba. Kakata tana da wata ƴar kujerar tsugunno wadda take zama kai a bakin murhu, icce guda aka sassaƙa, ƙafafunta da zanen da aka ƙona da jan ƙarfe, tsakiyarta ta lotsa tayi sulɓi har tana sheƙi saboda shekarun da aka yi ana zama. Wanda ya sassaƙa ta ba wanda ya taɓa tambayarshi ko shi artis ne ko masassaƙi, abin zama yayi kuma yayi shi da kyau, shikenan. Kai da kake Adar ma ai kana ganin gadon Buzaye da turakun bukkarsu yadda ake zuba musu zane, bayan kuwa sanda tsurarta ma zata riƙe bukkar. Raba kyau daban amfani daban baƙon abu ne a wajenmu.

Amma fa kar kaga laifin maigidanka, shi lissafin kasuwa yake yi, a wata biyun nan gado nawa za a buga? Kar ka bar mishi aiki da fushi, wanda ya koya maka riƙon zarto shekara 7 ba a raba gari da shi saboda kujera ɗaya.

Batun cin abinci kuwa akwai masu ci, a maƙwabtanmu ma. Cheick Diallo na Mali ƙarfe yake lanƙwasawa a saƙa mishi igiyar leda a jiki, wato dai dangin kujerun da samari ke zama kai a fada suna dafa shayi, sai dai shi ya zauna yayi tunanin siffar har kayanshi suka shiga wuraren baje koli a Turai. Hamed Ouattara a Wagadugu tsofaffin gangunan mai yake buɗewa ya ƙera kabad da kujeru, fentin gangar da tsatsarta duk yana barinsu a jiki. Abinda ya kamata ka lura da shi, kowannensu ana gane hannunshi tun daga nesa, kuma da kayan da ke zube a garinsu suke aiki, basu jira katakon gabar teku mai tsada ba.

Yanzu ga inda nake so ka kasa kunne, don nan ne masu farawa ke faɗuwa. Kujera in ba a iya zama kanta to ado ce kawai. Ka samo dattijo mai jiki ka zaunar da shi ayi shayi tun daga na farko har na uku, in ya fara mutsu-mutsu ko ya tashi yana dafa ƙugu to bayan kujerar nan da ya burge ka sai an sake shi. Tsawon mazauni daga ƙasa wajen santimita 45 ake yi a kujerar tebur, ta hutawa tafi haka gajarta. Sai kuma bushewar icce, baka faɗa min tun yaushe gungumen ya bushe ba kuma abin na damuna, don ɗanyen icce waje ke fara bushewa ciki da sauran ruwa, hunturu na kamawa sai kaji tas ya tsage tun daga zuciyar. Gungume mai kauri a inuwa ake aje shi sama da shekara, a toshe bakunanshi biyu da fenti ko kakin zuma don ya sha iska a hankali. Bedi dai ka dace, gara bata cika sonshi ba. Gawo kuwa kar ka kuskura ka sa mishi gatari, doka ta kare shi, ko busasshe ne ka fara zuwa wajen ma'aikatan gandun daji.

Wani zai ce maka gunki ne, to aikinka ba fuskar mutum ba ta dabba, in wata rana ka so shiga wannan sai ka tambayi malamai tukuna.

In ka shigo Yamai ka leƙa gidan tarihi na Boubou Hama wanda aka buɗe tun 1959, masu aikin hannu na nan ciki suna aiki a gabanka, ka wuce Wadata wajen masu sana'a kaga yadda suke ciniki da baƙi, sannan kasuwar Katako don kayan aiki. Kuɗin kujerar kuma ka ƙirga kwanakin da ta ci maka kafin ka buɗe baki, kar kunya ta sa ka sallamar da ita jikka biyar. Ka ɗauke ta hoto da hantsi jikin bangon ƙasa ka turo mana, da wani zaune a kai.